Wa Ke Zaɓa Mana Abin Da Muke Kallo A Talabijin?



A gidanmu da ke Runjin Sambo, da an kawo wuta da dare sai rigimar rimot ta tashi. Baba yana son labarai, Inna tana son wasan kwaikwayo, ƙanena kuma katun. Wannan ya sa na tambayi kaina: me ya sa kowace tasha take da irin nata shiri? Amsar tana wajen mai tashar da kuma wanda yake biyan kuɗinta.

Kashi na farko su ne tashoshin gwamnati. Tashar talabijin ta farko a Najeriya ita ce WNTV, wadda gwamnatin Jihar Yamma ta buɗe a Ibadan a 1959. Arewa ta samu tata a Kaduna a 1962. A 1977 gwamnatin tarayya ta kafa NTA, ta haɗa tashoshin ƙasar a ƙarƙashinta. Shi ya sa idan ƙarfe 9 na dare ta yi, NTA Sakkwato take haɗewa da sauran rassa a karanta labaran ƙasa gaba ɗaya. Ita kuwa tashar Rima ta gwamnatin jiharmu ce, don haka za ka fi ganin labaran jiha, sanarwa da wa'azi, da tafsiri a watan azumi.

Kashi na biyu su ne tashoshi masu zaman kansu. Sai a 1992 doka ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tasha, aka kuma kafa hukumar NBC mai ba da lasisi da sa ido. Daga nan aka samu irin su Channels da AIT. A 2014 Arewa24 ta fara aiki da Hausa dare da rana, ta kawo mana Daɗin Kowa da Kwana Casa'in. Irin waɗannan tashoshi da kuɗin talla suke rayuwa. Kamfanin sabulu ko na taliya yana biya ne don mutane da yawa su ga kayansa. Saboda haka tasha takan ajiye shirin da aka fi so sai bayan sallar isha'i, lokacin da kowa yake gida. Shi ya sa kuma ake yanke wasa daidai wurin da ya fi daɗi a sa talla, don an san ba za ka tashi ba.

Kashi na uku su ne na dikoda, kamar DStv da StarTimes. Nan kai ne kake biya duk wata, kuma ranar da kuɗinka ya ƙare yawancin tashoshin sai su rufe.

A wasu ƙasashe gwamnati takan ware tasha guda don aiki guda. Misali a Biyetnam, can nahiyar Asiya, gidan talabijin na ƙasa yana da tasha mai suna VTV5 da ke magana da harsunan ƙananan ƙabilu, da kuma VTV7 da aka buɗe a 2016 don ilimi da shirye-shiryen yara. Ni dai zan so a ce kullum da yamma akwai malamin da zai koya mana lissafi da Hausa a talabijin.

To, mene ne namu a ciki? Abin da tasha take nema wajenmu shi ne lokacinmu, kuma shi ne dai lokacin da za mu yi aikin gida da tilawa. A zangon da ya wuce na biye wa wani wasa har na bar bita, kuma na gani a makin lissafina. Yanzu nakan zaɓi shiri ɗaya, idan ya ƙare in tashi in ɗauki littafi.

Shawarata gare mu ita ce, duk shirin da muke kallo mu tambayi kanmu tashar wa ce, wa ya biya, kuma me muka ƙaru da shi. Malamanmu kuma, don Allah idan kun ga shiri mai amfani ku sanar da mu a wurin taron safe.

Daga wata ɗaliba 'yar aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida.