Bayani Ga Jama'ar Samaru Da Sabon Gari Kan Takardar Magani Da Ɗaukar Hoto A Asibiti

Mun tanadi wannan bayani ne domin al'ummar Ƙaramar Hukumar Sabon Gari, musamman mazauna Samaru, Bomo, Basawa, Hanwa, Zabi, Dogarawa da ƙauyukan da ke kewaye da su, tare da dagatai, masu unguwanni da kansiloli waɗanda jama'a kan nemi shawararsu idan rashin lafiya ya shigo gida. Wanda ya ga likita yakan fito ne da takarda ɗaya ko biyu a hannu: ta magani, ko kuma ta zuwa ɗaukar hoto. Ganin likitan na iya ƙarewa cikin minti goma, amma samun lafiya ya rataya ne a kan abin da aka yi da takardar bayan an fito. A nan ne kuma aka fi yin asarar kuɗi, wani lokaci har da ta rai.

Jama'ar wannan yanki suna da wuraren zuwa daki-daki. Akwai cibiyoyin kiwon lafiya matakin farko a mazaɓu, akwai Asibitin Tunawa da Manjo Ibrahim B. Abdullahi a Sabon Gari, wanda tsofaffi suka fi sani da asibitin Limi, da Asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan a cikin Zariya. Sama da su akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya koma mazauninsa na Shika a shekarar 2005. Ƙa'ida ita ce a fara da na kusa, idan ciwon ya fi ƙarfinsa ya rubuta takardar turawa zuwa na gaba. Duk inda aka je, abin da za mu bayyana bai canza ba.

Abin da ke cikin takardar magani

Cikakkiyar takardar magani tana ɗauke da sunan majiyyaci da shekarunsa, da kwanan wata, da sunan maganin da ƙarfinsa, da yawan abin da za a sha, sau nawa a rana, har tsawon kwana nawa, sannan sa hannun likita. Idan yaro ne, nauyinsa ake dubawa kafin a yanke masa awon magani, shi ya sa ake ɗora shi a kan sikeli. Saboda haka maganin da aka rubuta wa yaya ba ya zama na ƙane don kawai zazzaɓinsu ya yi kama.

Likitoci suna taƙaita rubutunsu da wasu haruffa da suka samo asali daga Latin. Idan an ga bd, ana nufin sau biyu a rana. Tds sau uku. Qds sau huɗu. Nocte kuwa da dare lokacin kwanciya. Idan an rubuta 5/7, kwana biyar ke nan. 2/52 mako biyu. 1/12 wata ɗaya. Ba dole ne kowa ya haddace waɗannan ba. Abin da ya wajaba shi ne kada a bar tagar karɓar magani sai mai haɗa magunguna ya yi bayani da Hausa, ya yi alama a jikin kowane ƙunshi, mai karɓa kuma ya maimaita masa abin da ya ji. Neman bayani haƙƙin majiyyaci ne, kuma yana cikin kundin haƙƙoƙin majiyyata da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2018. Babu kunya a ciki, ko da layi ya yi tsawo.

Sau uku a rana na nufin a raba awa 24 gida uku, wato kusan awa takwas tsakanin sha da sha. Wanda ya sha da asuba zai sake sha bayan azahar, na uku kuma wajen ƙarfe goma na dare. Dalili shi ne jiki yana fitar da magani a hankali ta hanta da ƙoda. Idan tazarar ta yi yawa, abin da ya rage a cikin jini ba ya isa ya kashe ƙwayar cutar. Mai azumi ya sanar da likita tun a ɗakin dubawa, domin akwai magungunan da za a iya sauya su da na sha sau ɗaya ko sau biyu, amma haɗa awo biyu a shanye lokacin buɗa-baki abu ne mai haɗari, musamman ga mai ciwon suga.

Abinci ma yana da nasa tasiri, kuma ba iri ɗaya ba ne. Tun 2005 Nijeriya ta daina amfani da kulorokwin a matsayin maganin farko na zazzaɓin cizon sauro, ta koma ga haɗin da ake kira ACT. Wanda aka fi bayarwa, mai artemita da lumefantirin, ana shan sa sau shida cikin kwana uku, awo na biyu bayan awa takwas da na farko, kuma ya fi shiga jiki idan an haɗa da abinci mai maiƙo ko madara. Amma fura da nono ɗin da ke taimakon wannan magani, su ne ke hana tetirasakilin da siforofulokzasin shiga jiki sosai, don haka ake son a ba da tazarar awa biyu ko fiye. Wanda yake shan jiƙo ko tsimi ya faɗa wa likita gaskiya; ba don a yi masa faɗa ba ne, sai don wasu saiwoyi suna wahalar da hanta da ƙoda idan sun gamu da maganin asibiti.

Babbar matsalar da ma'aikatan lafiya ke kuka da ita ita ce tsayar da magani da zarar an ji sauƙi. Zazzaɓi yakan sauka a rana ta biyu, sai a ɗaure sauran ƙwayoyin a leda a ajiye wa wani. Ƙwayoyin cutar da suka rage su ne masu taurin kai, kuma su ne za su sake hayayyafa. A tarin fuka abin ya fi muni. Maganinsa na wata shida ne, kuma kyauta ake bayarwa a cibiyoyin da aka ware, ciki har da cibiyar ƙasa ta horo kan tarin fuka da kuturta da ke Saye a nan Zariya. Wanda ya yanke a wata na biyu yana iya komawa da tarin da ba ya jin maganin farko, wanda jinyarsa ta fi tsawo da wahala, kuma iyalinsa ne farkon waɗanda zai shafa wa. Su kuwa hawan jini, ciwon suga da farfaɗiya, maganinsu riƙe ciwon yake yi, ba ya kore shi. A koma asibiti saura mako ɗaya magani ya ƙare, kada a jira sai kwalba ta zama wayam.

Inda za a sayi maganin

Idan kantin asibiti ba shi da abin da aka rubuta, a nemi kantin magani mai rajista da Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Nijeriya, inda akwai ƙwararren mai haɗa magani. Kemis na unguwa yana da amfaninsa, amma lasisinsa na sayar da ƙananan magunguna ne cikin kwalinsu na asali; ba a ba shi izinin yin allura ko ƙarin ruwa ba, balle sauya abin da likita ya rubuta. Masu tallar magani a faranti a kasuwar Samaru ko ta Sabon Gari ko cikin motocin haya kuwa, ko da maganinsu na gaske ne, rana ta riga ta dafa shi.

A duba lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki a jikin kwali. Tun 2010 hukumar ta fito da tsarin tantancewa ta wayar hannu: a jikin kwalayen magungunan zazzaɓin cizon sauro da wasu na kashe ƙwayoyin cuta akwai wurin kankarewa, a tura lambar da ta fito ta saƙon tes zuwa lambar da aka buga a kwalin, amsa za ta zo ko na gaske ne. Idan kuɗi bai kai ba, gara a koma a gaya wa likita ko mai haɗa magani, domin sau da yawa akwai irinsa na wani kamfani mai sauƙin farashi. Sayen rabin magani asarar kuɗin ne gaba ɗaya. Tiramadol da makamantansa ba a sayar da su sai da takardar likita, maganin tari mai kodin kuma Gwamnatin Tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi a 2018.

A gida, a ajiye magani a inuwa, nesa da murhu da hannun yara. Garin maganin yara da ake dama shi da ruwa, a yi amfani da tafasasshen ruwan da ya huce, a zuba daidai layin da ke jikin kwalba, a ajiye a wuri mai sanyi kamar gindin randa, abin da ya rage bayan kwanakin da aka faɗa kuma a zubar. A auna da cokali ko murfin da ya zo da shi, domin cokulan gida ba girmansu ɗaya ba.

Ɗaukar hoto

Ya kamata mu faɗi wannan a fili: hoto ba magani ba ne, kuma ba kowane ciwo yake nunawa ba. Ya zama al'ada mutum ya ji ciwon ciki ya wuce kai tsaye wurin sikanin, ya biya kuɗinsa, ya ɗauko takarda ya nufi kemis. Sikanin ba ya ganin zazzaɓin cizon sauro, ba ya tabbatar da taifot, kuma ba shi ne ke gano gyambon ciki ba. Likita yana tura mutum hoto ne domin amsa wata tambaya da ta taso bayan ya saurare shi ya duba shi, tambayar kuma tana rubuce a takardar. Mai ɗaukar hoton da bai san abin da ake nema ba yana iya wuce shi.

Hoton ƙashi da na ƙirji, wato eksire, wani haske ne mai ratsa nama. Ba shi da zafi, minti kaɗan ne, ba ya kuma buƙatar zama da yunwa. Za a nemi a cire sarƙa, laya, guru ko riga mai maɓallin ƙarfe, don suna rufe abin da ake son gani. Hasken kaɗan ne, amma ba a son maimaita shi babu dalili, mace mai ciki ko wadda take zaton ciki kuma dole ta faɗa kafin a ɗauka. Wanda ya yi tari na mako biyu ko fiye yana bukatar gwajin majina, sau da yawa tare da hoton ƙirji. Wanda ya karye kuwa, musamman a haɗarin babur, a ɗauki hoto kafin a kai shi wurin maɗori. Karayar da ta shiga gaɓa ko ta huda fata ba ta ɗori ba ce, ɗaurin da ya matse hannun yaro har yatsu suka kumbura suka yi sanyi kuma yana iya kai wa ga yanke hannun.

Sikanin yana aiki ne da sauti, ba shi da wancan haske, shi ya sa ake yi wa masu ciki. Idan na hanta da matsarmama ne, a zo ba a ci komai ba na awa shida zuwa takwas, ruwa kawai. Idan na mara ne ko na ƙaramin ciki, a sha ruwa kimanin lita ɗaya awa guda kafin lokaci, kada a yi fitsari, domin cikakkiyar mafitsara ce ke sa a ga mahaifa sosai. Mutane da yawa sukan rasa layinsu saboda rashin sanin wannan kawai.

A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowace mai ciki ta yi sikanin sau ɗaya kafin mako na 24. Na wuri shi ne ya fi faɗin watannin ciki daidai, kuma yana nuna tagwaye. Na ƙarshen ciki yana iya kuskure ranar haihuwa da mako biyu zuwa uku, amma yana nuna kwanciyar jariri da wurin da mabiyiya take. Mabiyiyar da ta tare bakin mahaifa tana jawo zubar jini mai kisa, wadda aka gano mata haka kuma ba a gida za ta haihu ba. Wannan ne amfanin sikanin ga mai ciki. Sanin namiji ne ko mace ƙari ne kawai, ana ma iya kuskurensa. Sikanin kuma bai ɗauke zuwa awo ba, domin ba ya auna hawan jini ko ƙarancin jini.

Manyan hotuna na CT da MRI na manyan asibitoci ne, kuma suna da tsada. A CT akan yi allurar wani ruwa mai haska jijiyoyi, don haka a faɗa idan akwai ciwon ƙoda, ko ana shan metfomin na ciwon suga, ko irin allurar ta taɓa tayar wa mutum da borin jini. MRI babban maganaɗisu ne; mai ƙarfe a jiki, ko na'urar bugun zuciya, ko ɓurɓushin harsashi, dole ya sanar kafin ya shiga. Irin waɗannan na'urori sukan tsaya domin gyara a kowane asibiti, saboda haka a tambaya ta waya ko ta bakin wani kafin a ɗauko majiyyaci daga ƙauye.

Kowane irin hoto aka ɗauka, a karɓi sakamakon a mayar wa likitan da ya tura, a kuma adana shi cikin leda tare da katin asibiti da tsofaffin takardun magani. Tsohon hoto yana sa likita ya gane ko abin da ya gani sabo ne, wani lokaci ma ya hutar da majiyyaci biyan kuɗin wani.

Ga shugabannin al'umma

Muna kira ga dagatai, masu unguwanni da limamai da su jawo hankalin magidanta su ba iyalansu izinin zuwa asibiti tun kafin bukata ta taso, domin jinin mai ciki ba ya jiran dawowar maigida daga gona. Macen da take son ma'aikaciya mace ta duba ta, ko 'yar uwarta ta shiga tare da ita, tana iya nema. Tsoho ko wanda bai iya karatu ba a haɗa shi da ɗan rakiya mai riƙe bayani. Har ila yau, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa. Dangane da kuɗin magani kuwa, Jihar Kaduna ta kafa hukumar taimakekeniyar kiwon lafiya, KADCHMA, da dokar 2018, kuma kansiloli da kwamitocin raya mazaɓu suna iya tuntuɓar jami'in cibiyar lafiya mafi kusa domin sanin yadda ake rajista da irin magunguna da hotunan da tsarin yake biya.