Faƙon Illela ya yi daraja: to, na wane ne?

Bayan farin shekara ta 1984, tuddan Illela, cikin jihar Tawa, sun zama faƙo, ƙasa mai tauri wadda ruwan sama ke gudu bisanta ba ya shiga. A watan Mayu na wannan shekara gomnatin Seyni Kountché ta tara ma'aikata a Maraɗi, aka ɗauki alkawarin yaƙi da hamada. An dasa itatuwa da yawa, amma kaɗan suka rayu, domin talaka yana ganin itace na ma'aikatan daji ne, masu cin tara.

Abin da ya kama ƙasa daga manoma ya fito. A shekara ta 1989 wani aikin raya karkara na FIDA ya kai waɗansu manoman Illela yankin Yatenga, a Burkina Faso. Da suka komo, sai suka gyara tassa: ana haƙa ramuka tun da rani, a zuba taki, ruwan farko ya taru ciki, a shuka hatsi. Gara ma tana taimako, tana huda ƙasa wajen neman takin. Ko damana ta yi gardama, mai tassa yakan sami abin kaiwa rumbu. Maƙwabta suka gani suka kwaikwaya, ba da umurnin kowa ba.

Nan fa sabuwar magana ta taso. Faƙon da dā ba mai so ya shiga kasuwa, kuɗinsa ya hau. Mai hali yana saye, ya ɗauki 'yan ƙwadago. Maras hali yakan sayar, ya koma haƙa ramin wani. Makiyayi kuma, wanda bisashensa suka saba bi ta nan, ya tarar da gona.

Dokar karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin ƙasa, masu rubuta shaidar gona da shata burtali. A shekara ta 2020 wata doka ta tabbatar wa manomi amfanin itacen da ya raina cikin gonarsa. Dokokin suna da kyau, sai dai takarda ba ta aiki inda kwamitin gari bai zauna ba.

Su ma manoman fadamar Birnin Ƙonni da masu albasar Galmi, cikin Malbaza, maganar ta shafe su. Ƙasar da ruwa ke kwasowa daga tuddan da ba a gyara ba, ita ce ke cike madatsun Mozage da Zango da na Galmi, waɗanda noman raninsu ya dogara gare su.