Tsagar Fuskar Kwamfuta: Yadda Ake Saita Adireshin Sirri

Tun zamanin kakanni, in baƙo ya sauka a kasuwar Bodinga, dattawa kan dubi tsagar da ke fuskarsa su faɗi asalinsa tun kafin ya buɗe baki. Yana iya sauya gari, ya sauya tufafi, amma tsagar tana nan. Abin da yawancin jama'a ba su sani ba shi ne, kwamfuta ma tana da irin wannan tsaga, kuma akwai masu karanta ta daga nesa.

Kowace na'ura da ta shiga intanet sai an ba ta adireshi, domin saƙo ya san inda zai dawo. Tsohon tsari, mai suna IPv4, yana amfani da ɗigon lissafi 32, waɗanda ake kira bit, don haka adireshinsa ba su wuce kimanin biliyan 4.3 ba. A watan Fabrairun 2011 hukumar IANA ta raba kason ƙarshe da ya rage a hannunta. Magajinsa, IPv6, wanda aka fitar da ƙa'idojinsa a 1998, yana da bit 128.

Shi wannan dogon adireshi kashi biyu ne. Rabin farko, bit 64, daga kamfanin sadarwa yake fitowa, kuma tamkar sunan unguwa yake. Rabi na biyu kuwa kwamfutar ce take ƙirƙira wa kanta. A tsarin farko, tana ɗauko lambar katin sadarwarta ne, wato lambar MAC mai bit 48 da masana'anta suka liƙa mata, ta tsaga ta biyu, ta cusa FFFE a tsakiya. To, a nan gizo ke saƙar, domin lambar ba ta canzawa.

A ɗauki misalin malamin da ke zaune a Shagari, yana koyarwa a Bodinga, yana kuma zuwa Sakkwato ƙaro ilmi, ko'ina da kwamfutarsa a jaka. Duk inda ya haɗa ta da intanet, rabin farko zai canza, na biyu kuwa yana nan daram. Kamfanin da ke riƙe da shafukan da yake ziyarta zai iya haɗa waɗannan sawaye, ya san lokacin da malamin ke gida da lokacin da yake makaranta, har ma da masana'antar da ta ƙera katinsa, tunda bit 24 na farkon lambar ita suke nunawa.

Ganin haka ne a 2001 Thomas Narten da Richard Draves suka gabatar da mafita a takardar RFC 3041, aka gyara ta a 2007, aka sake sabunta ta a 2021 da lamba 8981. Dabarar mai sauƙi ce: kwamfuta ta riƙa zaɓen rabi na biyu ta hanyar ƙuri'a, ta yi aiki da shi kamar kwana ɗaya, sannan ta zaɓi wani. Tsohon ba ya mutuwa nan take. Ana barinsa ya ƙarasa ayyukan da aka fara da shi.

Tun daga Windows Vista wannan kariya a kunne take zuwa, amma tsofaffin kwamfutocin da ke ɗakunan makarantu, da waɗanda wani ya taɓa saitinsu, sun cancanci a duba su. Mai Windows zai rubuta netsh interface ipv6 show privacy a tagar umarni. In ya tarar a kashe take, sai ya buɗe tagar da iznin mai kula da na'ura, ya rubuta netsh interface ipv6 set privacy state=enabled.

A Linux, irin su Ubuntu, manhajar NetworkManager tana da zaɓi uku ga kowane haɗi. Lamba 0 tana kashe adireshin wucin gadi. Lamba 1 tana ƙirƙirar sa, amma ta fifita na dindindin. Lamba 2 ita ce ke fifita na wucin gadi, kuma ita ta dace da ɗalibi da malami. Umarnin shi ne nmcli connection modify, sai sunan haɗin, sannan ipv6.ip6-privacy 2. Bayan an katse haɗin an mayar, ip -6 addr zai nuna sabon adireshin. Na'urar da ake so a riƙa samu a wuri guda, kamar firintar ofishin shugaban makaranta, ita kam a bar mata adireshinta na dindindin.

Sai dai wannan saiti yana aiki ne kawai inda kamfanin sadarwa ya ba da IPv6, kuma ba layar zana ba ne. Rabin farko yana nan yana nuna kamfanin da yankin, kuma duk wanda ya shiga Facebook da sunansa ya riga ya gabatar da kansa. Abin da saitin ke gogewa shi ne tsagar da ke bin mutum daga Shagari zuwa Bodinga. Aikin minti biyar ne ga malamin kwamfuta da ɗalibansa, kuma Bahaushe ya ce rigakafi ya fi magani.