Rasha: masu ficewa da masu tsayawa

Tun da Rasha ta ƙaddamar da yaƙi kan Yukren a watan Fabrairun 2022, 'yan adawar gwamnatin Vladimir Putin suke tsaka mai wuya: ko su bar ƙasar, ko su zauna su jira kamu. A watan Maris na shekarar aka kafa dokar ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 15 ga duk wanda ya yaɗa abin da gwamnati ta kira labaran ƙarya game da sojoji. Gidan talabijin na Dozhd ya rufe, ma'aikatansa suka koma Latbiya, daga baya Holan. Da aka yi shelar ɗiban mutum 300,000 zuwa fagen daga a watan Satumban 2022, motoci suka yi dogon layi a iyakar Jojiya, wasu matasa har suka tsallaka a kan keke.

Hujjar masu ficewa ita ce a waje ana iya magana, a kurkuku kuwa baki a rufe yake. Masu tsayawa sun ce ɗan siyasar da ya bar gida, jama'a kan daina sauraronsa, kuma akwai gaskiya a maganar. Tun kafin yaƙin, ɗan adawa Alexei Navalny ya komo daga Jamus a Janairun 2021 bayan jinyar guba, aka kama shi a filin jirgi, ya rasu a kurkuku a Fabrairun 2024. Wani ɗan adawar, Ilya Yashin, ya ƙi fita, aka yanke masa hukuncin ɗaurin shekara takwas da rabi. Da aka kai shi Jamus a musayar fursunoni ta Agustan 2024, ya ce ba da yardarsa aka fitar da shi ba.