Rama ba kitse kaɗai take ci ba

A Tozai, cikin ƙaramar hukumar Illela da ke iyaka da Birnin Ƙonni, rama ta fi kama mutane daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, aikin gona kuma ya yi sama. Manomi zai ga wando ya yi masa yawa, ya ɗauka kitse ne ya narke. Ba kitse kaɗai ba ne.

Idan abinci ya gaza, jiki kan juya ya ci naman kansa. Masana sun ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin da mai rage ƙiba ya zubar ba kitse ba ne, tsoka ce da ruwan jiki. Masu yin allurar rage ƙiba irin su Wegovy ma ba su tsira daga wannan ba. Tsoka kuwa ita ke ɗaga fartanya, ita ke kwashe yawancin sukarin jini bayan cin abinci. Idan ta zube, sai kasala ta shigo, tsoho ya riƙa faɗuwa, jinya ta yi tsawo.

Zubewar tsoka kan bayyana a damtse, shi ya sa ma'aikatan lafiya ke auna damtsen yaro: ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani.

Abin da ke riƙe tsoka yana nan a kasuwar Illela: wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, nono, ƙwai. Mai son rage teɓa ya bi a hankali, kada ya daina motsa jiki. Wanda kuma yake ramewa ba dalili, ya je asibiti a duba tarin fuka da ciwon suga.