Inda Barewa Ta Zama Akuyar Unguwa

A ƙasar Hausa yaro na iya girma har ya ajiye iyali bai taɓa ganin barewa ba sai a karin magana. A gabashin Amurka kuwa, wata 'yar uwarta mai farar wutsiya ta zama abin da akuya take a wurinmu: ta faɗa lambun gida da asuba, ta kwashe latas, ta cinye tohon wake da furanni kafin maigida ya farka.

Abin da ya ja hankalina shi ne, mutane ne suka jawo wa kansu, kuma da kyakkyawar niyya. Wajen shekarar 1900 farauta ta kusa ƙarar da dabbar, har ana ƙiyasin waɗanda suka rage ba su wuce rabin miliyan ba. Sai aka kafa dokokin kariya, a 1937 kuma aka ware harajin bindigogi da harsasai domin farfaɗo da namun daji. Kyarketan da ke rage yawan bareyin tuni an kashe su. Yau ana maganar kusan miliyan 30, ga unguwannin bayan gari cike da ciyawa da shuke-shuke, inda doka ta hana harbi kusa da gidaje.

Masu lambu ba abin da ba su gwada ba. Wasu na rataye sabulu a reshe, wasu na zuba gashin da aka share a shagon aski, wasu na fesa ruwan ruɓaɓɓen ƙwai. Barewa takan ja da baya na 'yan kwanaki, in ta gane babu abin da ke biyo bayan warin sai ta dawo. Shinge ne kaɗai ke tsare ta, shi ma sai ya kai ƙafa takwas, domin darnin da zai hana akuya wannan tsallake shi take yi tana tsaye. Akwai dabarar da ta fi burge ni: gajerun shinge biyu, da tazara kaɗan a tsakani. Ba ta yarda ta yi tsalle in ba ta ga wurin sauka ba.

To amma wanda ya killace lambunsa, maƙwabcinsa ya tura wa garken. Kuma ɓarnar ta wuce latas. Kaskar da ke yaɗa ciwon Lyme, wanda aka fara lura da shi a jihar Konetikat a 1975, jinin barewa take sha ta hayayyafa. Ga haɗarin mota a titi da dare. A ganina magana ce ta gari baki ɗaya, kuma farauta bisa ƙa'ida, a raba wa mabuƙata naman, ta fi hankali. Mutanen birni da dama ba sa son jin haka. A tsibirin Staten na birnin Niyok, tun 2016 hukuma ta zaɓi ta riƙa kama mazan tana yi musu tiyatar hana haihuwa, ta sake su su koma cikin unguwa.