Rigima a Kan Sauran Ruwan Buta

A wani lungu na unguwar Kalley, ba nisa da Babbar Kasuwar Yamai, na taɓa tsayawa bayan la'asar ina kallon wasu dattijai biyu, waɗanda ƙofofin gidajensu ke duban juna tun kafin gobarar da ta cinye kasuwar a 1982, suna ɗaga wa juna murya, rabi da Zabarmanci rabi da Hausa, a kan ruwan wanke-wanke da wata yarinya ta watsa a hanya ya gangara har gindin dakalin ɗayansu. Kafin mai shayin da ke gefe ya sauke na biyu, ƙasa ta riga ta shanye ruwan, ba wanda ya ƙara ambatonsa, abin da ya rage a bakinsu sai "Ni za ka gaya wa haka?" da "Ka san ko ni wane ne a unguwar nan?" Daga nan aka tono wani tsohon bashi, aka tono auren da aka nema aka hana.

Wannan "ni" da ta rage a fili bayan ruwa ya ƙafe ita ta tuna mini da wasu mutane na can gabas mai nisa, mabiya Buda, waɗanda suka yi fiye da shekara dubu biyu suna bincike a kanta. Kada mai karatu ya ɗauka leƙa littattafansu baƙon abu ne ga almajirin Musulunci, domin Abu Raihan al-Biruni ya ambace su a littafinsa kan ƙasar Hindu wajen shekarar 1030, Shaharastani kuma, wanda ya rasu a 1153, ya ba su gurbi a cikin Al-Milal wan-Nihal, malaman ilmin kalam kuwa da sunan Sumaniyya suka san su.

Shi wannan Buda, wanda sunansa na yanka Siddata Gotama, ɗan sarauta ne da aka haifa a Lumbini, cikin ƙasar Nefal ta yau, wajen ƙarni biyar kafin Annabi Isa, alaihis salam, ya bar gidan sarauta ya shiga zuhudu. Mas'alar da ta fi kowace wuya a koyarwarsa ita ce wadda suke kira anatta, wato cewa idan ka bincika mutum ba za ka sami wani tsayayyen abu guda da za ka nuna ka ce ga "ni" ba, sai tari biyar masu gudana kamar ruwan Kwara: jiki, da jin daɗi ko zafi, da shaida abubuwa, da ƙudurce-ƙudurcen zuciya, da sani. An ruwaito cewa wani malaminsu mai suna Nagasena ya tambayi Sarki Milinda, Bayunanen da ya mulki arewa maso yammacin Hindu, game da keken dokin da ya hawo: ƙafafun ne keken, ko sandar ja, ko akwatin? Sarki ya ce ba ko ɗaya. Malamin ya nuna masa ashe "keke" suna ne kawai da aka laƙaba wa haɗuwar waɗannan sassa, kuma haka sunan mutum yake. Duk wanda ya taɓa ganin an wargaza amalanken jaki a wajen mai walda, taya nan, katako can, ya fahimci misalin.

A nan hanyarmu ta rabu da tasu, kuma babu amfanin ɓoye wannan don neman a ce muna da sauƙin kai. Mu mun yi imani da ruhi, da tambayar kabari, da hisabi, kuma idan babu mai aiki tsayayye, wa za a tayar a tambaya? Sai dai malamanmu na tasawwufi, tun da suka rarrabe nafsul ammara da lawwama da muɗma'inna, sun san ciwon da waɗancan suke nema wa magani, sun kuma san cewa saɓo na farko da aka yi a sama bai wuce wani ya ga ya fi wani ba. Su sun ce dokin, wato "ni" ɗin, babu shi, mu mun ce yana nan, linzami yake bukata. Amma da mu da su mun yarda cewa zagi ba ya zama sai ya sami masauki. Suna da hikayar wani Barahmane da ya zo ya zazzage wa Buda ashar, shi kuwa ya tambaye shi, idan ya kawo wa baƙi abinci suka ƙi ci, na wane ne abincin? Mutumin ya ce nasa ne. Buda ya ce to shi ma bai karɓa ba.

Game da harshe kuwa, abu huɗu suka hana: ƙarya, da annamimanci, da kaushin magana, da surutun banza, wanda duk ɗalibin da ya karanta babin aibobin harshe guda ashirin a Ihya'u na Imam Gazali zai ga ba baƙi ba ne. Abin da ya fi jan hankalina shi ne ba su ɗauki daddaɗar magana a matsayin daɗin baki ba. Wani ɗan sarki mai suna Abaya ya so ya ƙure Buda da tambayar ko yakan faɗi abin da mutane ba sa son ji, alhali yana rungume da jaririnsa a cinya. Aka tambaye shi, da yaron zai haɗiyi tsakuwa ta maƙale masa, me zai yi? Ya ce zai sa yatsa ya zaƙulo ta ko da jini zai fita, saboda tausayin yaron. Hukuncin da aka ciro daga nan shi ne, magana ta zama gaskiya, ta zama mai amfani, sannan mai ita ya san lokacinta, ko ta yi daɗi ko ta yi ɗaci. Mu a nan sharaɗi na farko kaɗai muka riƙe, shi ya sa kowane marar kunya, in ya gama ci wa mutum fuska a bainar jama'a, sai ya kakkaɓe riga ya ce ai gaskiya ɗaci gare ta.

Amma labarin da ya fi kama da namu shi ne na Kosambi, wani birni a bakin kogin Yamuna. Littattafan sharhinsu sun ce malamai biyu ne a zawiya ɗaya, ɗaya masanin dokokin zuhudu, ɗaya mai karantar da wa'azi, kowanne da almajiransa. Wata rana mai wa'azi ya shiga bayi ya fito ya bar sauran ruwa a buta, abin da dokarsu ta hana. Masanin doka ya tuna masa, ya ce bai sani ba amma a shirye yake ya yi kaffara, aka ce masa tun da ba da gangan ba ne babu laifi. Da a nan maganar ta tsaya da ba mu ji labarinta ba. Sai masanin doka ya koma ya ce wa almajiransa, ga malami guda bai san laifi ba in ya yi shi. Almajirai suka kai wa almajirai, magana ta dawo kunnen mai ita, ya ce ashe abokin nasa maƙaryaci ne, aka yanke masa hukuncin ƙaurace wa, zawiya ta rabu biyu, masu kawo sadaka ma suka rabu biyu. Buda da kansa ya zo sulhu, wani daga cikinsu ya ce masa ya je ya huta ya bar musu rigimarsu. Ya ɗauki ƙoƙon baransa ya shige dajin Parileyyaka ya yi damina guda shi kaɗai, har ana cewa giwa ce take yi masa hidima. Abin da ya kashe wutar kuwa ba hujja ba ce: mutanen gari ne suka fusata suka daina zuba musu abinci, yunwa ta koya musu abin da wa'azi ya kasa, suka bi Buda har birnin Sabatti suna neman gafara. Wanda ya ga yadda ƙabalu da sadalu suka raba sahu a masallatan ƙasar Hausa, har maƙwabci ya ƙi bin maƙwabcinsa salla, ba zai yi wa mutanen Kosambi dariya da yawa ba.

Dokokinsu sun jera hanyoyi bakwai na kashe husuma, ta farko ita ce a yi ta gaba da gaba, ba a bayan idon mai laifi ba. Akwai bin rinjayen jama'a, akwai amsa laifi da bakin mai shi. Ta ƙarshe suna kiranta rufewa da ciyawa: idan rigima ta yi tsawo har kowane ɓangare ya faɗi abin da bai kamata ba, kuma aka ga tonawa sai ta ƙara wari, sai a taru, mutum guda daga kowane gefe ya amsa laifin mutanensa a dunƙule, a rufe kamar yadda ake rufe ƙazanta a hanya. Sun kuwa togace manyan laifuffuka, ba a rufe su da ciyawa. Wannan togaciyar ita nake ganin mun juya ta, domin sau da yawa gadon marayu ake cewa a yi haƙuri a bar wa Allah, maganar ruwan wanke-wanke kuwa a kai ta gaban mai unguwa.

Kada kuma a ce na yabi ɗan kuturu. Sarki Ashoka na ƙasar Hindu, mabiyin Buda, ya sa an sassaƙa a jikin duwatsu, tun ƙarni na uku kafin Annabi Isa, cewa mai kushe addinin wani don ɗaukaka nasa, nasan yake cuta. Amma a zamaninmu mun ji malamin Buda irin Wiratu na ƙasar Bama yana hura wutar ƙiyayya da harshensa, mun kuma ga Musulmin Rohingya fiye da 700,000 sun tsere zuwa Bangaladash a 2017. Wanda ya haddace cewa babu "ni" yana iya komawa ya fake a bayan "mu".

A lungun nan na Kalley kuwa, ba malami ne ya raba faɗan ba. Wani tela Bagobiri ne ya taso daga kan kekensa, almakashi a hannu, ya tsaya tsakanin dattijan nan biyu, waɗanda dukansu Zabarmawa ne, ya yi amfani da haƙƙin nan na wasan taubasantaka da hukumar UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. Ya ce, "Haba bayina, wa ya ba ku izinin faɗa ban sani ba? Ko kwaɗon zogalen ne bai ishe ku ba yau?" Nan take suka manta da juna suka yo kansa, ɗaya yana cewa a dubi mai zanen kyanwa a kumatu, ɗaya yana cewa tun kakanninsa su ke ciyar da Gobir, mai shayi yana dariya har yana zubar da kumfa. Aka kira magariba kowa ya nemi butarsa. Da na sake bi ta lungun bayan mako biyu, na tarar an haƙa ɗan rami a bakin ƙofa an cika shi da tsakuwa, can yarinyar take zuba ruwanta, tsohon bashin kuwa telan ya ce mini har yanzu ba a biya ba.